Ki Binciko Mini Ko Ɗan Kwalisa Ya Mutu

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikokina masu ƙwace waya su yi mini ihu a kunne. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa asibiti sai dai ku wuce ta ƙofarsa. Mu ma nan mun gode Allah. Yayanki direba yana fama da motarsa wadda ba ta tashi sai an lallashe ta. Gwaggonki ƙafa ta yi sauƙi, baki ne dai babu sauƙi. Ni kuma ina shago, idona ya fara gardama da kafar allura. In kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri, kin san ubanki bai daɗe a makaranta ba malamai suka ga ba su da abin da za su ƙara masa.

Maganar Mamanki ce ta sa na ɗauki biro. Kin san tun da ciwon nan ya shanye mata ɓarin jiki magana ta ɗauke. Abin da na kasa faɗa miki a waya, don kada ki ce tsohon ya zautu, shi ne wanda ya fara buɗe mata baki ba likita ba ne, wani mugu ne a talabijin.

Akwai shirin 'yan sanda da miyagu da ake nunawa duk mako. Sunayensu sun fi ƙarfin harshena, sai na raɗa musu nawa. Babban mugun shi ne Ɗan Kwalisa, dogo, mai baƙin kwat. Auta, a matsayina na tela, ban taɓa ganin kafaɗar riga ta zauna haka ba. Ba ya ɗaga murya. Yana zuba wa kifayensa abinci a akwatin gilashi, ya tambaye ka lafiyar yaranka, to daga nan ka fara sallama da duniya. Sai abokiyar ɓarnarsa, Uwar Murmushi, mai shagon wanki da guga, wadda ke sa a hallaka mutum tana feshin ruwa a wuyan riga. Shi kuwa ɗan sandan da aka ce mu so, maɓallinsa na sama yana reto tun farkon shirin, ba wanda ya ɗinke masa.

Wata rana na zaunar da Mamanki a kujerarta gaban talabijin, ina yankan yadi a tebur. Ɗan Kwalisa ya je gaisuwar mutumin da shi ya sa aka kashe, har da share hawaye da hankici. Sai na ji an ce munafuki. Na waiwaya, ba kowa a ɗakin sai ni da ita. Almakashi ya faɗi, ni ma saura kaɗan. Daga nan duk mako sai ta samo masa sabo: azzalumi, tsinanne, maras kunya. Har ranar da ta haɗa magana guda cur, ta ce Allah Ya isar wa matar nan, wato wadda ya sa aka kashe wa miji. Likitar da ke motsa mata gaɓoɓi ta ce kada mu kuskura mu fasa kallo.

To, an nuna kashi na ƙarshe na shirin. Gaskiya sun iya, ba zan zalunce su ba. Uwar Murmushi ce ta ci amanarsa, ta sayar da shi. Kawai ta bar dutsen guga a kan kwat ɗinsa har ya ƙone, shi kuma da ya ga tabon ya gane. Ya ciyar da kifayen, ya saka rigar a haka, ya fita. A kan gada aka harbe shi, ya faɗa ruwa, sai kwat ɗin muka gani yana yawo. Maƙwabta da suka cika mana ɗaki suka ɗauki tafi. Mai aski ya ga ina hawaye, ya ce ashe ni ma na ji daɗi.

Tun ranar Mamanki ba ta ƙara cewa uffan ba. Yayanki ya saka mata tsofaffin da aka nuna a baya a waya, ta kau da kai. Laifin da ta riga ta zaga ba ta maimaita masa, kin san halinta. Sai na yi abin da hankalina ya kai: na ɗinka baƙin kwat, na shigo ɗaki ina taku ɗai-ɗai, na sassauta murya na tambaye ta lafiyar yaranta. Gwaggonki ta ce na yi kama da mai tallan maganin ɓera. Mamanki ta dube ni ta daɗe, sannan ta ɗaga hannunta mai lafiya ta gyara mini kwala. Shi ke nan. Matar da ta yi shekaru tana kira na sarkin shiririta, yau ina roƙon zagi ta hana ni.

Don haka ke da kika yi karatu, ki binciko mini: da gaske ya mutu? Ba su nuna gawa ba, riga kawai muka gani. In kin samu masu shirya abin, ki ce wani tsohon tela yana roƙonsu su tsamo shi, ko da gurgu ne. Ni da ban taɓa yanka kaza ba tare da na ba ta haƙuri ba, ga ni ina yi wa mai kisan kai addu'ar tsawon rai.

In kuwa ya tafi ke nan, to ki nemi hutu ki zo. Kada ki kawo wa Mamanki komai. Ki ɗora tukunya ki manta da ita ta ƙone, yadda kika saba. Wannan ba ta taɓa bari ya wuce babu zagi ba.

Ki gaida maigidanki da surukarki da yaran duka. Yayanki da Gwaggonki da mai aski suna gaisuwa. Na tambayi Mamanki ko in gaishe ki, ta matse mini yatsa.

Ni ne ubanki,
mugun da ba a ko zaginsa.