Zuwa Ga Mma, Wadda Ta Koya Mini Tambayar Mai Doya

Mahaifiyata Mma Ayishetu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sanyaya makwancinki. Labari na kawo miki, kuma mai daɗi ne.

Kin tuna sayen doya a kasuwar Salaga? Ba ki taɓa nuna mini mai kyau ba. Sai ki tura ni gaban manomi, ki ce, "Ramatu, tambaye shi." Yaushe aka haƙa, wace irin ƙasa ce, ruwa ya taɓa ta? In na yi tambayar banza, harararki kaɗai ta ishe ni har gida. Haushinki nake ji a lokacin, yau dai na faɗa.

To, bara ɗalibaina na ilimin halittu a jami'a suka zube a jarrabawa. Shugaban sashe ya ce zango ɗaya ya ba ni, in ba a ga canji ba zai karɓe darasin. Na tsorata, Mma. Sai na koma dabararki. Na raba su rukuni-rukuni, kowanne ya rubuta tambayoyinsa a kati. Wanda ya amsa ta abokin karawa ya cinye katin, kamar a dara. 'Yan Yendi suka haɗa kai, 'yan Bawku suka ce ba su yarda ba, aji ya koma ranar kasuwa.

Shugaban ya ji hayaniya, ya shigo don ya hana, wai ba gidan wasa muka buɗe ba. Ni kuwa na miƙa masa kati. Na Fuseini ne, ɗan wani mai fataucin shanu a Bawku, wanda tun farkon zango ban ji muryarsa ba. A katin Fuseini yana tambaya me ya sa ɗanyar ciyawar farkon damina ke kumbura cikin saniya, busasshiya ba ta yi. Shugaba ya gyara tabarau, yana ta juya katin. Fuseini ya miƙe, ya bayyana yadda ƙananan halittun tumbi ke fitar da iska, kumfa ta riƙe ta. Hawaye na ɓoye a bayan allo.

Jiya sakamako ya fito. Yarana sun ci, darasi yana hannuna, kuma shugaban da bakinsa ya ce in koya wa sauran malamai wasan.

Ke da ba ki taɓa zama a aji ba, Mma, yau da hanyarki ake karantarwa a jami'a.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa wannan ya zame miki sadaka mai gudana.

'Yarki mai tambayar banza,
Ramatu