Wasiƙar da Maman Audu ta kawo

Lafiya, daren Laraba, 9 ga Oktoba, 1985

Ƙafata ta hana ni zuwa masallaci yau ma. Da la'asar Maman Audu mai gishirin Keana ta shigo da wasiƙa in karanta mata. Ta haɗo da ƙullin gishiri, tukwicin albishir, don ta ga hatimin gwamnati a ambulan ta ɗauka Audu ya samu aiki.

Tun kafin in buɗe na ga kalmar a jikin hatimin: prison. A elimantare aka koya mana ita, muna rerawa muna dariya. Shekara talatin ina akawun kotu ina rubuta ta, ban taɓa jin nauyinta ba sai yau. Ban ankara ba na furta ta a fili: furizin.

Ta ce, "Baba Akawu, ka yi shiru. Aikin gandiroba suka ɗauke shi?"

Na ce a'a, tsare shi aka yi, wata huɗu ke nan yana jiran shari'a.

"Wannan furizin ɗin, irin na 'yan sanda ne da ake kwana ɗaya a fito?"

Na ce gidan yari ne, 'yata. Turancin ba shi da wata ma'ana mai sauƙi da zan ba ta.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce tunda na san manya, in rubuta musu. Na zauna ina lissafa waɗanda na sani a kotu. Duk sun rasu.

Ta tafi ta bar gishirin. Yana nan bakin ƙofa, na kasa shigo da shi.