Ranar da Aka Sallami Baba

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan ba, ko da kina raye ma sai an karanta miki. Amma duk unguwar zangon nan ba wanda zan iya faɗa wa abin da ke cikina.

Labarin gida ba daɗi. Wata uku ke nan da Baba ya yanke jiki ya faɗi a wurin waldarsa a Magazin, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Yana kwance a asibiti gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. Wai mu ne baƙi, Inna, ni da aka haifa a ɗakinki nan Kumasi! Baban yara ya kwashe jikokinki uku suka hau lori zuwa Kano, a kan zan bi su da zarar Baba ya samu mai kula da shi.

Ranar sallama wata sista ta ce a kira iyalinsa. Kin san halinmu, magana da hukuma ta maza ce. Baffa Sule, ƙanen Baba, ya shiga yana baza babbar riga, ni kuwa aka bar ni a baranda da kwanon koko. Ta taga na ji komai, don da yaren Asante take magana, kuma na fi Baffa jin sa nesa ba kusa ba.

Matar nan ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ciwon ba na kwana kaɗan ba ne, sai an riƙa juya shi ana wanke shi, in ba haka ba bayansa ya yi gyambo. Ta ce akwai gado ɗaya a wani gidan jinya can gaba da Atonsu, za mu iya zuwa duba shi kullum. In kuma gida muke so, sai a rubuta sunansa nas ta riƙa leƙo mu. Sau biyu tana tambaya wa zai yi jinyar, a shigo da shi ya ji da kunnensa.

Baffa ya ce mu ba ma ba da namu ga bare, me mutanen zango za su ce? Ko nas ɗin ma bai yarda ba, wai Allah Ya wadata mu da dangi. Ya dangwala yatsa a takarda, ya fito yana taƙama kamar ya ci yaƙi. Sati bai zagayo ba shi ma ya ɗaure kayansa ya hau lori. Ina dangin, Inna? Layinmu yanzu rabin ƙofofin da kwaɗo.

Me ya hana ni tura ƙofar nan in ce ga ni? Kunya, wadda ke kika koya mini. Yau kam ina jin haushinki a kan haka, ki yafe mini.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Na koma asibitin ni kaɗai, ina raɓe-raɓe don tsoron masu tambayar takarda, na roƙi gadon nan. Sista ta ce an ba wani tuni. Ta dai nuna mini yadda zan juya shi da zane ba tare da na karya bayana ba, ta sa sunanmu a layin masu jira. Har yau shiru.

Ko kasuwar Kejetiya ba na iya zuwa. In na fita wa zai juya shi? Wani direba ya kawo saƙo daga Kano cewa autata ta daina tambaya ta, wai ta saba da gwaggonta. Don in ji daɗi aka aiko mini da wannan.

Ina son Baba, Allah shaida ne. Amma jiya da safe, da na kawo masa ruwan wanka, na tsaya a bakin ƙofa ina sauraron numfashinsa, kuma wallahi ban san abin da nake fatan in ji ba. Da na shiga, ya ɗago hannunsa mai lafiya ya shafa kaina.

Sai wata rana, Inna. Allah Ya haskaka kabarinki.

Ni ce 'yarki,
Habiba