Rijiyar Garin Kolo

Damagaram, Maris 1958

Yaya Bintu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Malam Zakari da yara da duk mutanen Gidimuni. Yaya ƙafar nan taki?

Abin da kika ji gaskiya ne, na bar aikin komi, wato akawu, a ofishin kumandan, Baturen mulki. Alhaji Tahiru na Zango, mai fataucin gyaɗa, ya ɗauke ni in riƙa ba shi shawara kan inda alherinsa zai tafi. A da, atamfa yake rabawa a ƙofar gida, maroƙa su kwashe rabi. Na roƙe shi ya bar ni in zaga ƙauyuka tukuna. Wata biyu na yi a kan doki. A Garin Kolo, bayan Droum, ruwan tafki suke sha, kurkunu ya kwantar da manoma da yawa tun bara. Alhaji ya yarda a haƙa musu rijiya ta siminti. Ni na tsaya gaban mai gari Kolo na yi alkawarin da bakina. Ban taɓa jin ina da amfani kamar yanzu ba.

Ƙaninki,
Kyari

Damagaram, Oktoba 1958

Yaya Bintu,

Ina gaishe ki da iyali, da fatan kun soma girbi lafiya.

Kin san ƙuri'ar da aka yi watan jiya kan zama da Faransa. An ce Garin Kolo A'a suka jefa. Takardar izinin sayen gyaɗar Alhaji kuwa a hannun kumandan take, shi kuma bai yafe wa masu A'a ba. Mun kai gaba goma sha ɗaya a haƙar rijiyar, ƙasa ta fara danshi, sai Alhaji ya sa aka kwashe simintin aka kai wani gari a bakin hanyar mota, mai rijiya biyu tun da can. Na yi magana har muryata ta dushe. Ya ce, "Malam Kyari, na ɗauke ka ka ba ni shawara, ban ce zan bi ba."

Ni aka aika in faɗa wa mutanen Garin Kolo. Kolo bai zage ni ba. Ya tambayi lafiyar Alhaji, ya raka ni har bayan gari. Da zagin ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Naki,
Kyari

Damagaram, Mayu 1959

Yaya Bintu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga saƙonki. Kin ce kina alfahari ƙaninki na aikin Allah. Don Allah ki daina faɗa wa mutane haka.

Mutanen Garin Kolo sun ci gaba da haƙa da kansu, babu siminti. Ran Talata ramin ya rufta da Nomau, ɗan Kolo na fari, mai ƴaƴa huɗu. Sai washegari aka ciro shi. Ni na zaɓi wurin, na san rairayi ne, na ce siminti zai riƙe.

Na so in ajiye aikin, amma a ofishin kumandan ba a mai da wanda ya tafi, gida kuma akwai baki bakwai da nake ciyarwa.

Jiya Alhaji ya kira ni zaure, ya ce ya ji abin ya taɓa masa rai. Ya tambaye ni me ya fi dacewa a aika na ta'aziyya, turmin alawayyo ko buhun gero. Na ba shi shawara, Yaya. Na ce gero. Wannan karon ya bi.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Kyari