Koke Kan Zanen Auta da Aka Yayyanka a Kantin Kayan Ado

Daga:
Tsohon akawu mai ritaya,
Gida mai koren ƙofa,
Layin bayan makarantar firamare.

Litinin, 27 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Ofishin Sauraron Koken Masu Sayayya.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƁARNAR DA AKA YI WA MAIƊAKINA WAJEN GWAJIN NA'URAR YANKAN TAKARDA A BABBAN KANTIN KAYAN ADO DA RUBUTU DA KE KALLON TASHAR MOTA

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, ina rubuto wannan takarda ne a madadin maiɗakina. Ita aka yi wa abin, ni shaida ne kawai. Ta so ta rubuto da kanta, to amma duk sa'ar da ta zo kan zancen sai ta ajiye biro ta tashi. Na ci aikin ofis har na yi ritaya, na san ba a son dogon surutu a takardar ƙorafi. Zan yi ƙoƙarin taƙaitawa. Inda na kasa, a yi mini afuwa.

Domin Mai Girma ya fahimci girman abin, tilas in fara daga gida. Allah ya ba mu 'ya guda ɗaya. Muna ce mata Auta, ko da yake babu wanda take bi. Ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe. Sana'arta ado da takarda: katin gayyata, furannin kwali, da kundin hotuna irin wanda ake manna hoto a kewaye shi da yankakkun ganye da tsuntsaye. Da almakashi da reza take aikinta a kan teburin cin abincinmu, har ya zamana sai an ɗaga kwali kafin a sami wurin ajiye kwano. Ta rasu a watan Nuwamban bara bayan doguwar jinya, ta bar mana 'yarta mai shekara shida.

Tana cikin jinyar ta fara haɗa wa yarinyar kundi. Ta ƙawata shafukan farko, sai ƙarfi ya ƙare. Almakashi ya gagari yatsunta, amma fensir bai gagare su ba, don haka ta zana sauran adon a kan takardu huɗu marasa kauri, ta ce in ta sami sauƙi za ta yanka. Uku ganye ne da furanni. Ta huɗun kaza ce ta buɗe fiffike, ɗan tsako yana leƙowa daga ƙarƙashi. Kazar tana sanye da tabarau irin na maiɗakina, har da igiyar da take rataye shi a wuya. Ranar da Auta ta nuna mata, dariya maiɗakina ta yi, ta ce wato kaza aka mayar da ita a gidan nan. Sai bayan rasuwar ta gane abin da 'yarta ta damƙa mata: tsakon nan, jikarmu.

Maiɗakina ta ƙudiri aniyar ƙarasa kundin. Wata ƙawar Auta, abokiyar sana'arta, ta nemi a ba ta ta yanka da hannu. Maiɗakina ta yi mata godiya, ta ce shafukan da ke gaba suna da yawa, yarinya kuma girma take yi, ba kullum za a riƙa ɗora wa mutane nauyi ba. Gara ta nemi na'urar nan mai yanka da lantarki da Auta ta sha yin zancenta, ta koya. Ƙawar ta yi mata bayani cewa iri biyu ce. Akwai mai ido, wadda ke karanta zanen da aka sa mata ta bi layinsa. Akwai kuma wadda ba ta yanka sai abin da aka tura mata daga kwamfuta ko waya. Ta ce ta nemi mai idon, ta tabbata ana iya rage zurfin wuƙarta, sa'annan faifan da ake manna takarda a kai ya zama mai sauƙin danƙo. Maiɗakina ta yi ta bitar wannan kamar ɗalibar da za ta shiga jarrabawa.

Ga abin da ya faru, bi da bi:

1. Ranar Asabar, 4 ga Mayu, da hantsi, muka je kantin da na ambata a sama, tana rungume da takardun a cikin jakar kwali. Wani ma'aikaci mai jar riga, wanda ke kula da sashen na'urori, ya tarbe mu da fara'a. Ta faɗa masa buƙatarta ba tare da ta rage komai ba. Ya ce mai idon ta ƙare, amma ga wata da ta fi ta, kuma duk abin da waccan take yi wannan ma tana yi. Ta sake tambayarsa ko tana karanta zanen hannu. Ya ce, a gabana, "Mama, ko sa hannunki kika ba ta za ta yanko miki shi." Daga baya, da ƙawar Auta ta ga hoton kwalin na'urar da na ɗauka, ta tabbatar mana cewa irin wannan ba ta da ido ko kaɗan. Ko dai ma'aikacin bai san hajarsa ba, ko ya sani ya ɓoye. Na bar wa ofishinku tantancewa.

2. Ya ce a yi gwaji don hankalinta ya kwanta. Maiɗakina ta roƙi a gwada da wata takarda ta banza tukuna, ta kuma gaya masa cewa waɗannan na marigayiyar 'yarta ne, babu wasu bayansu. Ya yi mata ta'aziyya, ba zan ɓoye wannan ba. Amma ya ce takardar banza ba za ta nuna mata komai ba, ya miƙa hannu ya zaro mai kazar, wai layinta ya fi fitowa. Ba ta ba shi ba. Ba ta kuma ƙwace ba, domin mace ce mai kunyar ta ƙwace abu daga hannun ɗan da ta haifi kamarsa.

3. Ya ɗauki hoton zanen da wayarsa, ya ce ta nan zai tura. Ya yi ta latse-latse, da alama abin ya ƙi. Maimakon ya ce ya ƙi, sai ya manna takardar a kan faifai mai ƙarfin danƙo, irin na kwali mai kauri, ya zura, ya danna maɓalli. Na'urar ta kama aiki, amma ba layin Auta ta bi ba. Taurari ta shiga yankawa, jeri-jeri, ragowar gwajin da aka yi wa wani kafin mu. Maiɗakina ta ce ya tsayar. Bai san inda ake tsayarwa ba. Kafin ya lalubo soket ya zare wayar wuta, wuƙa ta ratsa kan kazar, ta ratsa fiffiken, ta raba tsakon biyu. Da ya zo ɓamɓare abin da ya saura, danƙon ya riƙe, takardar ta biyo hannunsa a yage. Ranka ya daɗe, na ga maiɗakina ranar da aka fito da gawar 'yarta, ta yi ta maza, tana ba mutane haƙuri. A kantin nan ne na ga ta durƙusa a ƙasa.

4. Tana tsince gutsattsarin tana zubawa a bakin mayafinta, sai wata ma'aikaciya daga teburin karɓar kuɗi ta zo ta ce ana tare wa masu sayayya hanya. Ta ce a bar musu, suna da mai gyara wanda zai haɗa ya manne, mu dawo Litinin. Ta karɓe har na cikin mayafin ta zuba a ambulan. A lokacin ne wani daga cikinsu, ban ga fuskarsa ba amma na ji muryarsa, ya ce a kan takarda ake wannan duka. Ina son a rubuta wannan kalma a cikin bincike kamar yadda aka faɗe ta.

5. Ranar Litinin, 6 ga Mayu, muka koma. Babu mai gyara, ba a ma taɓa yin sa ba. Babu ambulan. Aka ce mai shara ya haɗa da shi ranar Asabar da yamma. Mun nemi mai sharar, dattijo ne mai mutunci, ya rantse mana cewa a kwandon shara ya tarar da shi, kuma motar kwasa ta riga ta zo. Ba na son laifin ya sauka a kansa, domin a ofis na ga yadda ruwa yake gangarowa ya tsaya a kan na ƙasa.

6. Mun nemi ganin manaja. Sai a zuwa na uku, ranar Alhamis, 16 ga Mayu, ya fito, a tsaye ya saurare mu. Ya ce tunda ba mu sayi komai ba, ba mu da rasit, kantin ba shi da wata hulɗa da mu a rubuce. Ya ce ma'aikacin an mayar da shi wani reshe, kuma ƙa'ida ta hana a ba da lambar ma'aikaci ko a faɗi inda yake. Da na yi masa zancen hoton da ke cikin wayar, ya ce waya ta mai ita ce. Sa'annan ya sa aka ɗauko fakitin takarda mai launi, ya ce kyauta ce daga kanti. Maiɗakina ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, domin haka aka tarbiyyantar da ita. Ta ajiye shi a kan benci a bakin ƙofa muka fito.

Na san ofishinku ma yakan nemi rasit kafin ya buɗe fayil. Ina roƙon a dubi wannan da idon rahama. Mun shiga kantin da niyyar saye, ma'aikacinsu ne ya yi gwajin, da na'urarsu, a kan teburinsu, kuma akwai kyamara a saman sashen wadda ba ta rasa ganin komai ba.

Halin da ake ciki a gida shi ne, sauran takardun uku suna cikin jakarsu, ta hana kowa taɓawa, har da ni. Ta gwada sake zana kazar daga ka. Na tarar da ƙoƙarin nata a kwandon ɗaki, hannun ya ƙi ba ta haɗin kai. Jikarmu ta san akwai kaza, domin a gabanta uwarta ta zana, kuma takan tambayi yaushe za a manna mata. Kakarta takan ce an kai gyara. Matar da ba ta taɓa yi wa yaro ƙarya ba ko don a sha magani, yau ga inda aka kai ta.

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina roƙon Mai Girma Darakta da ya taimaka da waɗannan:

Na farko, kuma shi ne ya kawo ni, a umarci kantin ya nemo ma'aikacin nan mai jar riga, a karɓi hoton da ya ɗauka da wayarsa kafin ya goge, in bai riga ya goge ba. Ba mu neman a kore shi. Yaro ne. In ya ji tsoro, a gaya masa mun yafe, hoton kawai muke so. Ƙawar Auta ta ce ko dishi-dishi ne za ta iya fitar da layin.

Na biyu, a sa su adana abin da kyamarar ta ɗauka ranar 4 ga Mayu, domin an ce mini irin waɗannan sukan shafe da kansu in aka daɗe. Wataƙila an ga zanen a ciki sa'ad da yake kwance a kan tebur.

Na uku, a ja kunnen kantin da ya daina gwada na'ura da kayan mutane na asali, ya kuma koya wa ma'aikatansa bambancin hajar da suke sayarwa, da inda ake danna a tsayar da ita.

Diyya ba ma nema. Ban san a wane ma'auni za a auna ta ba.

Abu na ƙarshe. Tun ranar da abin ya faru, kowace Asabar maiɗakina takan shirya ta ce za ta kasuwa. Na bi ta sau ɗaya daga nesa. Kantin take zuwa, ta zauna a bakin ƙofa tana duban duk mai jar rigar da ya gifta, har rana ta yi zafi ta dawo da jaka babu komai. Ba ta san na sani ba. Don haka ina roƙo, in an bincika aka tarar hoton babu shi, a faɗa mana ƙarara, kada a ce ana kan dubawa. An ce ba a ɓari a kwashe duka, mun kuma yarda da ƙaddara, amma jiran nan yana cinye ta. Lambar wayata tana jikin takardar da na haɗo da wannan. In labarin mai daɗi ne, a kira kowannenmu. In ba mai daɗi ba ne, ni za a kira. Ni na san yadda zan zaunar da ita in gaya mata.

Ina godiya da lokacin da Mai Girma ya ba wannan takarda. Allah ya ƙara girma, ya yi jagora, ya raba ka da ganin irin wannan a gidanka.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Mijin mai ƙorafi,
mahaifin Auta.