Tsohon da Aka Sa wa Rigar Wilmer

Lahadi, 22 ga Disamba
A gafarce ni da ɓata takarda. Ba ni da abin faɗa, hutu ne ya yi tsawo, kuma ba mai shigowa shagon burodinmu bayan azahar. Na murɗa tsuntsaye da ragowar ƙullu. Mama ta ce zan ƙarar mata da fulawa.

Talata, 24 ga Disamba
Kawu Segundo ya ce tunda hannuna ba ya zama, ni zan ɗinka Tsohon bana, mutum-mutumin da ake ƙonewa a daren sabuwar shekara don tsohuwar shekarar ta tafi da shi. Mama ta miƙo wando da shuɗiyar rigar Yaya Wilmer. Tunda ya tafi Sifen neman aiki ba wanda ya taɓa su. Ya daina kira ma.

Juma'a, 27 ga Disamba
Na cusa garin katako a cikin wandon da rigar. Fuskar da jarida da sitaci na yi ta, ban sayi ta kasuwa ba. Na yi masa yatsu, har da farce. Kawu ya ce, "Ke Nélida, ƙona shi za mu yi, ba aure za mu yi masa ba."

Asabar, 28 ga Disamba
Na gyara kunnen hagu.

Litinin, 30 ga Disamba
Mun zaunar da shi a ƙofar shago. Doña Zoila maƙwabciyarmu ta gaishe shi kafin ta gane. Ta ce kafaɗun na Wilmer ne sak. Ban yi da gangan ba.
Ba na so a ƙone shi. Na gaya wa Mama. Ta ce wanda ya ajiye Tsoho ya ajiye shekarar. Amma na gan ta tana gyara masa wuyan riga.

Laraba, 1 ga Janairu
An ƙone shi. Da za a fara dukansa da bel yadda aka saba, Mama ta ce a dakata, ta cire rigar. Na ɗauka ɓoyewa za ta yi. Ta riƙe ta jim kaɗan, ta mayar masa, ta ɓalla maɓallan har wuya, ta miƙo mini ashana.
Yatsun ne suka fara ci. Na tsallaka wutar tare da 'yan matan layinmu, yadda al'ada take. Ɗayarsu, Yadira, ta ce in koya mata yin fuska. Na ce sai na gani.
Ta zo da jaridunta tun da safe. Ban san me ake ce wa baƙuwa ba. In ba takura, a bar ni in rubuta yadda muka ƙare.