Yayan Mijina Ya Yafe Ƙafar Da Ba Tasa Ba

Gwaggo Yalwa, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Duk wanda na tunkara a gidanmu sai ya ce in yi haƙuri, ni kuwa na yi haƙurin har na gaji da jin sunansa.

Ni matar manomin albasa ce a Jandutsi. Kwanakin baya maigidana, Baban Naja, ya ɗauro buhunan albasa a babur zai kai kasuwar Aliero. Ya wuce Jega kaɗan sai wata motar haya da ta ɗauko fasinja daga Maiyama ta buge shi ta baya. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Daga asibiti aka maido shi gida wurin mai ɗori, ɗorin bai kama ba. Yanzu likita ya ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe, in ba haka ba shi da ratsa kwamin albasa har abada.

Ga abin da ke ƙona mini rai. Washegarin hatsarin, direban, wani mai suna Sagir, ya zo jaje tare da shugabannin tasharsu, da goronsu da buhun shinkafa. Babban wan maigidana, Yaya Bature, shi ya tarbe su a zaure. Ko gama zama ba su yi ba ya ce ƙaddara ce, mun yafe duniya da lahira, aka shafa fatiha. A lokacin mai ƙafar yana kwance bai san wanda ke kansa ba. Ni kuwa ina cikin gida ina dama musu fura, ba wanda ya tambaye ni ko da wasa.

Da a ce ƙaddarar ce kawai, wallahi da na yi shiru. Amma daga baya wata 'yar garinmu, Luba mai ƙuli-ƙuli, ta zo dubiya. Ashe tana cikin motar, a bayan direba take zaune. Ta ce tun daga Maiyama wayarsa tana hannu, yana aika saƙon murya yana dariya, hannu ɗaya a sitiyari. Har wani dattijo ya yi masa magana, direban ya ce shi da hanyar nan ko idonsa a rufe zai bi ta. Ta ce ko birki bai taka ba sai da ya ji ƙara.

Na gaya wa Yaya Bature, sai ya hau ni da faɗa. Wai maganar da aka shafa wa fatiha ba a tayar da ita, shi da gemunsa ba zai koma tasha ya ce ya fasa ba. Da na matsa, aka aika wa mutanen tashar, suka ce ai laifin mai babur ne, ya yi lodi ya ci rabin hanya, kuma ba shi da madubi. Ba zan ɓoye miki ba, lodin yana da faɗi, madubin ma maigidana ne ya kwance abinsa don yana hana shi ɗaure buhu. Na sha yi masa magana a kan haka.

Yanzu Yaya Bature ya ce a jinginar da gonarmu ta fadama a yi aikin. Gwaggo, ita ce cinmu, ita ce suturar yara. Mai karɓar jinginar har ya zo ya zagaya ta yana duba rijiya. Sagir kuwa yana nan yana lodinsa, an ce har yau wayar tana hannu. Shin yafewar nan ta kashe haƙƙinmu? Rashin madubi ya wanke shi? Raina a ɓace yake ƙwarai.

Mai ƙunan rai, daga Jandutsi.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba maigidanki lafiya. Fushinki yana kan hanya, amma mu sa shi aiki.

Yaya Bature ya yi kyauta da kayan da ba nasa ba. Haƙƙin rauni na wanda aka ji wa raunin ne, kuma maigidanki baligi ne mai hankali, bai wakilta kowa ba. Ga shi an yi yafewar kafin a san direba waya yake dannawa. Ki tambayi malamin da kuka yarda da shi, ban tsammanin zai gaya miki akasin haka. Sai dai kada ki mai da Yaya Bature abokin gaba. Abin da ya tashi ya ga manya suna yi shi ya yi, yanzu kuma kunya ce ta riƙe shi. A ba shi hanyar fita da mutuncinsa: ba fasawa ya yi ba, sabuwar magana ce ta fito.

Batun laifi kuwa, dokar hanya ta hana riƙe waya ana tuƙi. Wanda ya bugi abin da ke gabansa, idonsa na kan waya, kaso mafi girma na laifin a wuyansa yake. Lodi mai faɗi da rashin madubi ba su wanke shi ba. Amma ki shirya jin abin da ba ki so: mai yanke hukunci zai iya ɗora wa maigidanki nasa kason, a rage diyyar gwargwadon haka. Ragewa ake yi, ba sokewa ba. Don haka kada ku ɓoye maganar madubi, gaskiyarku ce jarinku.

Duk wannan sai da hujja. Ki lallaɓi Luba tun maganar tana sabuwa a kanta, ki ji ko za ta maimaita a gaban hukuma, ko kuma ta san dattijon da ya yi wa direba magana. A kai rahoto wurin 'yan sanda in ba a kai ba. A adana hoton ƙashi da duk takardun asibiti. A kuma binciki inshorar motar, domin doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda ta ji wa rauni. In ta gaskiya ce, nauyin ba a kan Sagir kaɗai zai faɗa ba. In ta bogi ce, shi da mai motar za su amsa. Ku fara da sabon zaman sulhu a gaban hakimi. In tasha ta cije, akwai kotu, akwai kuma lauyoyin gwamnati masu taimakon marasa hali a Birnin Kebbi. Kada ku yi jinkiri, irin wannan ƙara tana da wa'adi.

Ƙafa ba ta jiran shari'a. Ku nemi a zaman sulhun a fara biyan kuɗin tiyata. In har ya zama dole a taɓa gona, a ba da hayarta ta rani ɗaya, da shaidu, a maimakon jingina.

Saura abu guda. Na karanta wasiƙarki na ji ta bakin Yaya Bature, na ji ta tasha, na ji ta Luba, na ji taki. Ban ji ta mai ƙafar ba. An yafe a madadinsa yana kwance, kada ke ma ki yi faɗa a madadinsa yana kwance. Yau ɗin nan ki zauna kusa da shi, ki gaya masa duk abin da Luba ta gani, ki tambaye shi me yake so. In ya ce a nema, ba mai hana shi. In ya ce ya yafe, to wannan karon mai haƙƙin ne ya faɗa, da saninsa.

Allah ya tashi kafaɗarsa, ya tsare muku gonarku, ya sanyaya miki zuciya.

Gwaggo Yalwa